A Tsinke Nonon Farko: Magana ga Masu Dashen Inabi a Sakkwato

Tun da ruwan damina ya ɗauke, iskar hunturu ta soma kaɗowa da ƙurarta, wanda duk ya ratsa unguwannin birnin Sakkwato da idon lura, daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, zai hangi nan da can wani baƙon ganye mai faɗin tafin hannu yana leƙowa bisa katangar gida, ko yana bin wata 'yar rumfa da aka kafa masa da ƙarfe da waya a tsakar gida. Inabi ne, itacen da kakanninmu suka san sunansa a Alƙur'ani da littattafan fiƙihu fiye da yadda suka san ɗanɗanonsa, wanda kuma mu da kanmu muka saba ganinsa cikin 'yan robobi a teburin mai sayar da kayan marmari, an ɗauko shi daga Masar ko Afirka ta Kudu, da tsadar da ba ta barin talaka ya taya. Da labari ya bazu cewa manoman ƙasar Kudan, kusa da Zariya, sun mai da shi sana'a har suna cika kwanduna, sai sha'awa ta motsa a nan ma, mutane suka shiga aikawa a sayo musu dashe. Wannan abin farin ciki ne, ban kuwa ɗauki alƙalami don in sanyaya gwiwar kowa ba. Na ɗauka ne domin wani kuskure guda da na ga yana maimaituwa, wanda ni ma na faɗa cikinsa, shi ne barin ƙaramin dashe ya riƙe 'ya'yansa na farko.

Shekarun baya na dasa inabi huɗu a jikin katangar gabas ta gidana, na haƙa musu ramuka, na zuba ruɓaɓɓen takin awaki, na ɗora wa kaina ban ruwa safe da maraice. Ba su cika shekara ba sai ga huda ta fito a jikin rassan, 'yan ƙananan curi kore shar kamar ƙwan kifi, waɗanda in an bar su za su buɗe su zama fure, furen kuma ya ƙulla ya zama nonon inabi. Allah ya sani, farin cikin da na yi ran nan bai gaza na wanda aka yi wa albishir da haihuwa ba. Na kira iyali, na kira maƙwabta, yara suka riƙa ƙirga nonnan kullum safiya kafin su tafi makaranta. Biyu daga cikin itatuwan akuya ta shigo ta cinye musu huda, muka yi ta juyayi; sauran biyun kuwa muka tsare su da raga, suka riƙe nono bakwai a tsakaninsu, suka nuna ƙanana, da tsami-tsami, muka ci muna godiya. Amma da bazara ta kama, rana ta buɗe yadda ta saba buɗewa a garin nan, sai waɗannan biyun da suka ciyar da mu suka tsaya cik, ganyensu ya ƙanƙance ya yi rawaya, karansu bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, kafin ruwan farko ya sauka ɗaya ya bushe har saiwa, ɗayan kuwa ya yi shekara biyu yana jinya. Waɗanda akuya ta yi wa ɓarna, su ne suka haye rumfa, su ne kuma har yau muke shan inuwarsu muna cin 'ya'yansu.

Ban gane abin da ya faru ba sai ranar da na ziyarci wani dattijo mai garka a fadamar Kwalkwalawa, a bakin gulbin Rima, na tarar da shi durƙushe gaban wani ɗan mangwaro mai aure wanda tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba, yana sa farcen babban yatsa yana tsinke furen da ya fito masa a kai, ɗaya bayan ɗaya, yana watsarwa a gindin. Hannunsa duk ya yi kanta saboda fartanya, amma yadda yake riƙe reshen da ɗayan hannun don kada ya girgiza, sai ka ce ungozoma ce da jariri. Na ce, Baba, wannan wace irin ɓarna ce, itace ya kawo arziki kana zubarwa? Bai ko ɗago kai ba, ya ce da ni, “Malam, wanga icce yaro na tukuna. Wa ka aza ma yaro buhun gero? In ka bar mai ɗiyan ga bana, baɗi ba ka ganin shi.” Sa'an nan ya nuna mini manyan mangwarorin da ke bayansa, waɗanda rassansu suka haɗe har rana ba ta taɓa ƙasa, ya ce kowane ɗaya cikinsu sai da ya yi masa haka shekara biyu, wani uku. Wannan dattijo bai taɓa zama a aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne daidai abin da malaman aikin gona ke koyarwa game da inabi a duk ƙasar da ake nomansa.

Bayanin al'amarin kuwa, ga wanda yake son hujja, shi ne cewa itace ba shi da wata ma'aikatar abinci sai ganyensa, domin a nan ne, da ikon Allah, hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta janyo suke haɗuwa su zama zaƙi, wanda shi ne guzurin da itacen ke rabawa tsakanin gaɓoɓinsa. Wani kaso ya tafi ga sabon toho, wani ya tafi ga kara don ya yi kauri ya zama icce, wani kuma ya gangara ga saiwa, inda ake ajiye shi kamar yadda magidanci ke zuba hatsi a rumbu domin ranar da babu. To, a cikin masu cin wannan rabo babu mai ƙarfin ja kamar 'ya'ya. Da zarar nono ya ƙulla, itacen zai fifita shi a kan saiwarsa da karansa, ko da hakan zai kai shi ga halaka, domin ɗabi'ar da aka halitta shi a kanta ita ce ya bar iri a bayansa. Babban itace mai ɗaruruwan ganye da cikakken rumbu a ƙarƙashin ƙasa ba ya jin wannan nauyi. Amma dashen bana, mai ganye ashirin ko talatin, da saiwar da ba ta wuce zira'i ɗaya ba, idan ya ɗauki nono uku ko huɗu, alhali masana sun ƙiyasta cewa nono guda yana bukatar fiye da ganye goma masu lafiya kafin ya nuna yadda ya kamata, to, daga ina zai biya? Sai ya ci jarinsa. Saiwa ta daina nitsawa, kara ya tsaya siriri, idanun da za su fitar da hudar baɗi su fito raunana, mai lambu kuwa yana ta murna, bai san cewa ya yanka kazar ne don ya ɗauki ƙwan da ke cikinta ba.

In wannan ƙa'ida ta zama wajibi a ƙasashen da inabi ya ɗauka gida, kamar Sham da Andalus da Ɗa'ifa, inda sanyin dare ke sassauta masa, to, a Sakkwato wajabcinta ya ninka. Mu mutane ne da ruwan sama ke ziyarta daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuwa sai abin da aka ɗebo daga rijiya ko gulbi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ƙasar tudu mai rairayi ta yi zafin da ba ta takuwa da tsakar rana, ruwan da aka zuba da hantsi ya ƙafe kafin azahar. A irin wannan hali, abin da ke raba itacen da zai rayu da wanda zai mutu shi ne zurfin saiwarsa, ko ta kai inda ƙasa ke da sanyi da laima, ko kuwa tana nan sama-sama inda rana ke dafa ta. Ga kuma gara, wadda ba ta faye samun galaba a kan lafiyayyen itace ba, amma da ta ji wanda ya raunana sai ta yi masa rubdugu. Ga ranakun da injin ban ruwa zai lalace, ko man fetur ya gagara, ko wuta ta ɗauke rijiyar burtsatse ta tsaya. Itacen da ya tara guzuri zai jure kwana huɗu ko biyar, wanda aka tatse kuwa ba zai kai ba. Kowane nonon da aka bari a kan dashen bana, daga zurfin saiwar aka cire shi, kuma bazara ce za ta zo karɓar bashin.

Mai tambaya zai ce, har yaushe ke nan za a yi ta tsinkewa? A ƙasashen sanyi al'adarsu ita ce a hana itacen 'ya'ya shekarar farko da ta biyu, a bar masa kaɗan a ta uku, sa'an nan a sakar masa mara daga ta huɗu. A ƙasashe masu zafi irin namu, inda inabi ba ya barcin hunturu kamar yadda yake yi a can, girmansa ya fi sauri, shi ya sa manoman Nashik a ƙasar Indiya suke yi masa aski sau biyu a shekara, na wajen Afrilu domin gina rassa, na wajen Oktoba domin fitar da 'ya'ya, ta yadda nunarsa za ta faɗo cikin rani, nesa da cututtukan ganye da laimar damina ke kawowa. Saboda haka ni a ganina bai kamata mu ɗaure kanmu da ƙirgen shekaru kawai ba. Jikin itacen shi ne shaida. Shekarar farko dai babu jayayya a kanta: duk hudar da ta fito a tsinke ta tun tana ƙarama, kafin fure ya buɗe, da farce ko da almakashi mai tsabta, da sanyin safiya, a bar ganyen kada a taɓa shi. A zaɓi toho guda mafi ƙarfi, a ɗaure shi a jikin sanda da tsumma mai laushi ya miƙe sama, a riƙa cire masu fitowa ta gefe har ya kai rumfa, sa'an nan a datse kansa don ya raba hannuwa biyu su bi waya. Idan karan ya yi icce ya canza launi zuwa ruwan ƙasa, hannuwan suka kafu, rassan da ke fita daga gare su suka kai kaurin fensir, a nan ne za a fara barin nono guda a kan reshe mai ƙarfi, a cire na raunana. Wanda bai kai wannan haddi ba, ko ya shekara uku, yaro ne.

Akwai togiya guda biyu da adalci ya sa in ambata. Wani lokaci, a ƙasar fadama mai ƙarfi da yalwar ruwa, itacen yakan haukace da yaɗo, ya yi ta fitar da ganye ba kan gado, irin wannan in an bar masa nono ɗaya ko biyu a shekara ta biyu sai ya natsu. Haka kuma wanda ya sayi dashe mai yawa daga hannun wanda bai sani ba, yana da uzuri in ya bar nono guda a kan itace guda don ya tabbatar da irin da aka sayar masa, gudun kada ya shekara uku yana bauta wa abin da ba shi ya biya ba. Amma ɗanɗano daban, girbi daban.

Sai dai na san cewa da yawa daga masu barin nonon farko ba jahilci ne ya sa su ba, kuma zalunci ne a tsaya ana yi musu wa'azin haƙuri ba a dubi abin da ya kora su ba. Mutumin da ya sayar da ragunansa biyu ya sayi dashe da waya da turaku, ko ya ci bashin da aka yanka masa wata goma sha biyu ya biya, ga kuɗin mai, ga ladan mai ban ruwa, ga azumi ya ƙarato lokacin da kayan marmari ke daraja, in ya ga nono ya fito, ba inabi yake gani ba, mafita yake gani. Noman da muka gada, na gero da dawa da wake, da na albasa da tumatir da ya yi suna a ƙasar nan, duk noma ne na watanni, ka shuka ka girbe ka biya, kuma duk tsarin rancenmu, na banki da na ɗan kasuwa, a kan wannan ma'auni aka yanka shi. Itace kuwa yana da shekarun da yake ci ba ya ciyarwa. Wanda ya ba mai dashe rancen shekara guda, haƙiƙa shi ne ya kama hannunsa ya hana shi tsinke hudar, ko da bai taɓa taka lambun ba. Mafi sauƙin magani a hannun manomi shi ne ya shuka abin da ke saurin kawo kuɗi a tsakanin layukan, kamar albasa ko latas ko wake, nesa kaɗan da gindin don kada su yi masa kishiya a ruwa da taki, ya ci daga nan har inabin ya balaga, kada kuma ya dasa fiye da abin da zai iya ɗauka shekara biyu ba tare da ya karɓi ko anini daga gare shi ba.

Magani mafi girma kuwa yana cikin littattafan da ke jibge a zaurukan malamanmu. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun san wani ƙulli da ake kira mugarasa, wanda Ibn Asim ya ware wa fasali a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi: mai ƙasa ya ba da fili, mai dashe ya dasa itatuwa masu daɗewa ya yi ta ɗawainiyarsu har su kai haddin da aka ambata, sa'an nan su raba ƙasar da itatuwan bisa kason da suka yi sharaɗi tun farko. Akwai kuma musaƙa, wato a ba mutum kula da lambu da ban ruwansa a kan wani kaso na amfanin. Shari'ar da ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nunarsu ta bayyana, ta kuma tsara yadda ake ƙiyasin dabino da inabi a kan itacensu domin zakka, shari'a ce da ta san lokutan itace ciki da bai, ba ta kuwa nemi ya yi gaggawa ba. Me zai hana malaman fiƙihu na wannan birni su zauna da malaman tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, take kuma nan a gefen fadama, da attajiranmu masu filaye a kwance, su fitar da tsarin da zai ba matashi damar dasa lambu ba tare da mai bashi a bakin ƙofarsa ba? Wannan ba baƙon aiki ba ne a gidan Mujaddadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina garin nan a 1809, ya zaunar da jama'a a ribaɗoɗi irin su Wurno inda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya lissafa kula da manoma da masu sana'a cikin abin da ke wuyan shugaba. Ruwa kuwa ba mu rasa ba, ga gulbin Rima da na Sakkwato, ga madatsar Goronyo. Abin da muka rasa shi ne jari mai dogon numfashi.

Akwai wani nau'in gaggawa da ba ni da uzuri gare shi, shi ne na masu sayar da dashe waɗanda ke barin nono a kan ɗan itacen da ke cikin leda, su ɗauki hotonsa su watsa a Facebook da WhatsApp, suna yi wa mutane alkawarin girbi cikin 'yan watanni. Wanda bai sani ba sai ya zaɓi wannan mai nonon, ya ƙara kuɗi a kansa, alhali shi ne mafi rauni a cikin jerin, don an riga an tatse shi tun yana leda. Wannan algus ne, ko da mai yin sa bai kira shi da sunansa ba, kuma cutarwarsa ba ta tsaya kan mai saye ba, domin idan itacen ya mutu, sai mutumin ya yanke hukunci cewa inabi ba ya yi a Sakkwato, ya gaya wa goma, goman nan su fasa. Mai sayar da dashe na gari shi ne wanda zai ce da kai tun a wurin ciniki, Alhaji, bana da baɗi kada ka sa rai, ya kuma nuna maka yadda hudar take don ka gane ta in ta fito.

Inabi itace ne mai tsawon rai in an kyautata masa farkonsa. A fadar Hampton Court da ke kusa da Landan, a ƙasar Ingila, akwai wani da aka dasa a 1768, tun Shehu Usmanu yana saurayi mai neman ilmi, har yau kuwa ana girbe shi kowace shekara. Ba na cewa namu zai kai haka a wannan rana tamu, amma itacen da zai iya ciyar da kai da 'ya'yanka shekara ashirin ko fiye, ya kuma zama sadaka gare ka duk lokacin da maƙwabci ko tsuntsu ya ci daga gare shi, bai cancanci a musanya shi da nono bakwai masu tsami ba.

Ya kai mai karatu da ka dasa inabi a daminar da ta wuce, yanzu ne lokacin da toho ke fita, hudar tana ɓoye a jikinsa daura da ganye na uku ko na huɗu. Gobe bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, ka zagaya gindinsa, ka ɗaga ganyen ɗaya-ɗaya, duk wadda ka gani ka yi bisimilla ka tsinke ta, ka kuma sake dubawa bayan mako guda, domin wata za ta fito. In yara sun tambaye ka dalili, ka zaunar da su ka gaya musu, don su ne za su ci na baɗin baɗaɗa.